Daga Acaɓa Zuwa Adaidaita: Bakin da Ke Raba Titunan Kano

Ranar Asabar 19 ga Janairun 2013, 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin Sarkin Kano, Alhaji Ado Bayero, wuta a kusa da Masallacin Murtala. Allah ya yi da sauran kwanan Sarki a gaba, amma direbansa da wasu dogaransa sun rasa rayukansu. Rahotanni suka ce a kan babura maharan suka zo. Mako bai zagayo ba gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana sana'ar acaɓa a birnin, kuma hanin ya zauna daram. Sana'ar da ta haura shekara ashirin tana ɗora tukunya a gidaje ba adadi ta ɓace daga manyan tituna, ba tare da wata tarzoma ta a zo a gani ba.

Duk wanda ya san Kano ta 2005 sai ya jinjina kai. Abin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta nema a waccan shekara bai kai rabin wannan ba. Ba ta ce kowa ya jingine babur ba, cewa ta yi kada ɗan acaɓa ya ɗauki mace. Tana da doka a hannu, malamai na bayanta, ga dakarun Hisbah kimanin 9,000 a kan titi. Duk da haka sai da aka yi jifa da doke-doke a mararrabar hanyoyi, kuma bayan 'yan watanni mata suka koma bayan babur kamar ba a yi ba.

Me ya sa ƙaramin hani ya gagara, babba ya wuce salin-alin? Amsar tana cikin irin maganar da gari ke yi a kan ɗan acaɓa a kowane lokacin, da kuma wanda ke da ikon mayar da wannan magana doka. Batun ya wuce sufuri. Zuwa awon ciki a Asibitin Murtala, kai yaro makaranta, saro atamfa a Kantin Kwari, gaisuwar mutuwa a Kurna, komawa gida bayan aikin dare: waɗannan su ne yinin mutum, kuma kowanne sai an hau wani abu ake yin sa. Wanda ya yanke abin da za a hau, da wanda zai hau, da ƙarfe nawa za a daina hawa, ya yanke wa mutane wani yanki na rayuwarsu ko da bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan. Debbie Laliberte Rudman, malama a Jami'ar Western da ke Kanada, ta yi bayani a 2010 cewa abin da mutum ke ganin zai iya yi, ko ya kamata irinsa ya yi, ba daga zuciyarsa kaɗai yake fitowa ba. Jama'a ce ke zana masa iyakar ta hanyar maganar da ake nanatawa a jarida da makaranta da wurin ibada, sannan hukuma ta gina tsarinta a kan wannan maganar, ta buɗe wata ƙofa ta rufe wata. A kan tunanin Michel Foucault, masanin Faransa da ya rasu a 1984, ta ɗora nata. Ita tsofaffin ƙasarta ta nazarta, yadda jaridun Kanada suka riƙa nuna cewa nagartaccen ɗan fansho shi ne mai kuzari, mai dogaro da kansa, wanda ba ya ɗora wa gwamnati nauyi, har wanda ciwo ko talauci ya kwantar ya zama kamar shi ne ya gaza. Kano ba Kanada ba ce, amma titunanta sun nuna wannan aiki ƙarara, sau da yawa, cikin shekara ashirin kacal.

Acaɓa 'yar wahala ce, wahala ta haife ta. Bayan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, tasi da hayis suka tsufa ba masu maye gurbinsu. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka shiga sallamar ma'aikata. Malamin makaranta ko masinjan ofis mai ɗan babur sai ya tashi daga aiki ya zaga gari da yamma ya haɗa kuɗin cefane. Daga baya baburan Sin masu araha irin su Jincheng suka cika kasuwa, 'yan cirani suka gane cewa da kaka ta wuce babur ya fi dako da ga-ruwa kawo kuɗi. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, 'yan siyasa da kansu suka riƙa rabon babura a filin taro, ana kiɗa ana tafi, da sunan rage raɗaɗin talauci. A bakin masu mulki na wancan lokaci, ɗan acaɓa matashi ne mai neman na kansa, abin koyi ga zauna-gari-banza.

Ba a ce ba shi da laifi ba. Ganganci ya yi yawa, Asibitin Ƙashi na Dala shaida ne. Hayaƙin babura kan turnuƙe Bata da 'Yankura da yamma har ido ya yi yaji. Mai mota da tsautsayi ya sa ya goge ɗaya kan tsinci kansa a tsakiyar hamsin, ana yi masa taron dangi. Kanawa sun yi ta ƙorafi a kan duk wannan shekara da shekaru, amma ƙorafin bai taɓa zama hani ba.

Ga mata kuwa, acaɓa ta buɗe wata ƙofa da ba a cika faɗa ba. Tsohon birni lunguna ne, wasu ko amalanke da ƙyar take ratsa su, kuma sababbin unguwannin talakawa irin su Rimin Kebe da Ɗorayi sun tashi ne ba tare da an fitar musu da hanyoyin kirki ba. Hayis a bakin titi take tsayawa, babur kuwa har ƙofar gida. Matar aure da maigida ya ba izinin fita na ɗan lokaci, ta je dubiya ta dawo kafin la'asar, ba ta da sa'a guda ta ɓatarwa a tasha. Mai ƙosai da za ta kai niƙa, ɗalibar Jami'ar Bayero mai lacca ƙarfe takwas, uwar da ɗanta ke shiɗewa da tsakar dare, duk babur ne ya fi kusa da su, kuma shi ne daidai aljihunsu.

Sai maganar ta juya. Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, bayan Zamfara, kuma Shekarau ya ci zaɓen 2003 ne da alƙawarin aiwatar da ita da gaske. A shekarar ce aka yi dokar da ta kafa Hukumar Hisbah, a 2004 kuma aka ƙaddamar da shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu. A kan mumbari, a wuraren tafsiri, a gidajen rediyo, musamman da Freedom ta fara watsa shirye-shirye a ƙarshen 2003 ta ba mutanen gari damar faɗin albarkacin bakinsu, hoto ɗaya aka riƙa nanatawa: mace a bayan namijin da ba muharraminta ba, jiki na gugar jiki, zani na yayewa in ta ɗaga ƙafa za ta hau. Hujja ce mai tushe a addini, kuma yawancin Kanawa ba su musa ta ba, har da matan da ke hawa. Babu mai tsayawa a bainar jama'a ya ce hawan ya dace. Abin da za a iya cewa kawai shi ne lalura ce.

Gwamnati ta san da lalurar, shi ya sa ta shigo da kekuna masu ƙafa uku ruwan ɗorawa, da labule a gefe, don mata zalla, mutane kuma suka laƙaba musu sunan shirin da ya kawo su. Matsalar lissafi ce. Kekuna kimanin 500 da bas 100 aka tanada, a birnin da ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumominsa takwas na ɗauke da mutum kusan miliyan 3. Ko an ce mace ɗaya cikin goma ce ke fita a yini, kujerun ba za su kai ko'ina ba.

Da aka fara kame a Disamban 2005, abin da ya faru a titi ya bambanta da abin da aka tsara a ofis. Mata suka riƙa tsayuwa a rana suna jiran keken da ba ya zuwa, in sun gaji su lallaɓa cikin lungu su tsayar da babur, su sauka kafin mararrabar da 'yan Hisbah suke. Ɗan acaɓa da aka tare sai ya ce matarsa ce ko ƙanwarsa, kuma ba wanda ke yawo da shaidar aure a aljihu. Su 'yan acaɓa sun ga an zabge musu babban kaso na fasinja, ga su da yawa, ga haɗin kai, sai suka mai da martani da duwatsu da sanduna. Ana cikin haka siyasar Abuja ta shigo. A Fabrairun 2006 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ce Hisbar Kano haramtacciya ce, aka kama kwamandanta Sheikh Yahaya Faruk Chedi da mataimakinsa. Kano ta garzaya Kotun Ƙoli, wadda a 2007 ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar. Hisbah ta tsira, amma kamen mata a kan babur ya bi ruwa.

Kuskure ne a ce maganar ta tashi a banza. Dokar ta kwanta, kunyar ta zauna. Macen da ta hau acaɓa bayan 2005 ta san akwai idon da ke ganin ta yi abin da bai kamata ba, kuma maigidan da dama can ba ya son fitar iyalinsa ya sami hujjar da ta fi ta da ƙarfi. Irin wannan tasiri ba ya shiga rahoton hukuma, domin ba a ƙirga dubiyar da aka fasa ko awon da aka tsallake.

Akwai kuma abin da aka yi shiru a kansa. Hajiyar da ke zaune a bayan motarta, daga ita sai direban da ba muharraminta ba, gilashi a rufe, babu wanda ya kafa mata shinge, alhali malaman fiƙihu suna da abin cewa a kan keɓewar namiji da mace. Ba a tsara dokar don a ware talaka ba, amma da ta sauka a titi, a kan wadda ba ta da mota ta sauka. Wannan zai sake maimaituwa a kusan duk matakin da ya biyo baya.

Ranar 20 ga Janairun 2012 Boko Haram ta kai wa Kano harin da ya ci rayuka aƙalla 185. Daga ranar babur ya sake suna a bakin mutane. Harbin ɗauki-ɗai-ɗai da aka riƙa yi wa 'yan sanda da masu unguwanni, yawanci mutum biyu ne a kan babur, ɗaya na tuƙi ɗaya na harbi. Aka taƙaita zirga-zirgar babura da dare. A shingen jami'an tsaro kuwa sai mai babur ya sauka tun daga nesa, ya tura abinsa da ƙafa har ya wuce, dattijo ne ko yaro, mai mota na zaune cikin tasa yana jiran layi. Shekara guda cur Kanawa suna kallon wannan kowace safiya. Kafin a taɓa Sarki, an riga an gama shari'ar babur a zukatan mutane, hukunci kawai ake jira.

Shi ya sa hanin 2013 bai sami mai ja da shi ba. A 2005 ɗan acaɓa na iya cewa neman halal yake, jama'a su tausaya masa, matan da ake cewa ana karewa su taya shi karya doka. A 2013 duk wanda ya buɗe baki ya kare babur sai a tambaye shi ko yana tare da masu kisa ne. Tsoro ya yi abin da wa'azi bai yi ba. Sannan a wannan karon akwai madadin da ya riga ya yi ƙarfi, domin 'yan kasuwa sun ɗau shekaru suna shigo da kekunan Bajaj da TVS daga Indiya, direbobinsu kuma tuni suka yaye labule suna ɗaukar kowa.

An ci riba, babu musu. Gari ya rage hayaƙi, karayar ƙafa ta ragu, kuma tsohuwa ko mai goyo ta fi samun natsuwa a kujerar adaidaita. Sai dai a duba yadda aka raba asarar. Ɗan acaɓa sau da yawa shi ke da babur ɗinsa, abin da ya samu nasa ne. Adaidaita ta ninka babur kuɗi sau da yawa, don haka wanda ya koma tuƙa ta yakan zama yaron wani ne, alhaji ko ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa, kullum sai ya kai balas kafin ya cire na mai, kafin ya cire na tuwo. Wanda bai sami mai tsaya masa ba ya koma ƙauye, ko ya ɗora babur a bayan tirela ya nufi kudu. Magidancin da ba ɗan haya ba, mai babur na kansa, shi ma dokar ta shafe shi, domin ta hana goyo. Mata kuwa sun sauka daga bayan namiji ɗaya, sun koma zama kafaɗa da kafaɗa da maza a kujerar mutum uku. Wadda ba ta son haka sai ta ɗauki shata, ta biya kuɗin kujerun duka. Wadda gidanta ke can cikin lungu ta ƙarasa da ƙafa, da kayanta a ka.

Ba Kano kaɗai ba ce. Maiduguri ta hana babura tun Yulin 2011. A Diffa ta Jamhuriyar Nijar, dokar ta-ɓaci ta Fabrairun 2015 ta tsayar da 'yan kabu-kabu, ta haɗa da cinikin kifi da tattasai, bisa hujjar cewa mayaƙa na samun kuɗi daga gare su, alhali su ne abin da yankin ke ci da shi. A Satumban 2021 Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita babura da sayar da mai, aka kuma katse layukan waya. Ko'ina hujjar tsaro gaskiya ce, kuma ko'ina manomi da ɗan kasuwar ƙauye ne suka fara jin ta a jikinsu.

Legas ce ta fi nuna yadda magana ke bin mutum duk inda ya je. A Agustan 2019 jami'an jihar suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka baza hotunansu a kafafen yaɗa labarai kamar an kama runduna. Da 'yan sanda suka bincika ba su same su da komai ba, aka sake su. Masu neman abinci ne. Amma a can maganar da ke yawo ita ce ɗan okada, wato ɗan acaɓa, baƙo ne, ɗan Arewa ko ɗan Nijar ko Chadi, wanda ba a san asalinsa ba. Gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana okada da keke a manyan sassan birnin daga 1 ga Fabrairun 2020, hanin da ya haɗa har da kamfanoni irin su Gokada masu hular kwano da rajista, ta kuma ƙara tsanantawa a Yunin 2022 bayan kisan wani matashi a Lekki da aka ɗora wa 'yan okada. Saurayin da aka kora daga Kano da sunan tsaro ya tarar da wani sunan na jiran sa a Legas.

A gida kuwa, ɗan sahu, wato direban adaidaita, ya gaji kujerar ɗan acaɓa har da zagin da ke kanta. Yau a majalisar unguwa ko a shirin rediyo, in aka ambace shi abin da ke biyowa shi ne rashin tarbiyya, kiɗa mai ƙara, tsayawa a tsakiyar titi, shaye-shaye, ƙwacen waya. Wasu sun aikata, kuma waɗanda aka yi wa ƙwace a cikin adaidaita ba ƙarya suke ba. Amma dubban da ke fita tun asuba su kai balas su koma gida lafiya ba su da labari, don haka ba a jin su. A kan wannan suna da ya ɓaci hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA, wadda aka kafa a 2012, take tsayawa duk lokacin da za ta ɗora sabon haraji ko sabuwar rajista: ai don a tantance na gari da mugu ne.

Sai dai ɗan sahu na da makamin da matan 2005 ba su da shi. A Fabrairun 2021 direbobin suka ajiye aiki kan harajin naira 100 na kullum. A Janairun 2022 suka sake, kan naira 8,000 ta sabunta rajista. Kwana uku Kano ta koma tafiyar ƙafa. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka riƙa ɗarewa bayan kurkura da a-kori-kura, Jami'ar Bayero ta ɗage jarrabawa, daga ƙarshe aka zauna aka yi ragi. A ƙarshen Nuwamban 2022 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta hana adaidaita bin wasu manyan tituna, kafin a kwana biyu ta janye. Zaɓe saura wata uku, kuma kowane ɗan sahu na da ƙuri'a, yana da iyali, yana da fasinjan da yake zuba wa hira daga safe zuwa dare.

A gwada wannan da abin da aka yi wa dare. Tun 21 ga Yulin 2022 aka hana adaidaita aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, saboda masu aikata laifi da ita. Ba a yi wani yajin aiki ba, domin yawancin direbobi sun riga sun tashi a lokacin. Waɗanda abin ya faɗa wa ba su da ƙungiya: mai naƙuda a gidan da babu mota, mai jinya da aka rubuta wa magani ƙarfe goma sha ɗaya, ma'aikaciyar asibiti da ta tashi aiki, fasinjan da motarsa ta iso tasha a makare, mai shayi da mai tsire da kasuwarsu ta dare ce. Sannan akwai maganar da ta daɗe a bakin mutane, cewa mutumin kirki ba ya yawon dare, balle mace. Wanda wannan magana ta riga ta rufe wa baki, da wuya ya fito rediyo ya ce shi dare yake fita. Mai mota dai, kamar kullum, yana wucewa abinsa.

Tsohuwar maganar ma ba ta mutu ba. A Disamban 2019 kwamandan Hisbah na lokacin, Sheikh Harun Ibn Sina, ya sanar cewa daga Janairun 2020 maza da mata ba za su ƙara haɗuwa a adaidaita ɗaya ba. Aka yi ta muhawara a rediyo da Facebook, Janairu ta zo ta wuce, fasinja suka ci gaba da cusuwa yadda suka saba. Direban da balas ke jira ba zai wuce mace biyu a bakin titi don akwai namiji ɗaya a ciki ba, kuma babu wanda ya ce zai cike masa giɓin.

In aka jera waɗannan shekaru, ana iya ganin inda ƙarfin yake. Malamai na da mumbari, gwamnati na da doka da rediyo da sojojin baka, jami'an tsaro na da shinge, direbobi na da yajin aiki. Fasinja mace, wadda da sunanta aka fara duk wannan, ita ce mafi ƙarancin murya. Majalisar Dokokin Kano kujeru 40 ne, kuma zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya cikinta ba. Wannan ba ya nufin matan Kano na son a bar su a bayan babur. Da yawa, in aka tambaye su, abin hawa na mata zalla suke so, mai araha, mai zuwa a kan lokaci, mai shiga unguwa. Abin da ba a yi ba shi ne tambayar, da kuma lissafin kujeru kafin a fito da sanda.

Cire tallafin mai da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara dagula lissafin. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin wata biyu, kuɗin adaidaita ya bi ta. Ɗalibai suka koma tafiyar ƙafa, ma'aikata suka rage kwanakin zuwa ofis, ziyarar 'yan uwa ta koma ta waya. A unguwannin gefen gari acaɓa ta riƙa dawowa a hankali, domin babur ya fi keke jimirin mai, kuma dokar 2013 na nan a rubuce ba a soke ta ba.

A cikin wannan yanayi ne wata ƙungiya mai suna Mata Zalla ta fito da kekuna masu aiki da lantarki, launin ruwan hoda, mata ke tuƙawa, mata suke ɗauka. Shekara ashirin da suka wuce, ko a cikin masu goyon bayan raba maza da mata babu wanda ya kawo cewa mace ce za ta riƙe kan keken. Namiji aka ɗora a gaba, aka saka labule a baya. Yanzu zawarawa da iyayen marayu ne ke neman abincinsu da shi, suna dogaro da hujjar da aka yi amfani da ita a 2005: in mace ba za ta zauna kusa da namijin da ba nata ba, to wata mace ce za ta kai ta. Masu cewa tuƙin haya ba aikin mace ba ne suna nan, amma hujjar ta yi musu wuyar turewa. Kekunan dai ba su da yawa tukuna idan aka kwatanta da dubban masu ruwan ɗorawa, don haka yawancin mata a Kurna da Sheka da Rijiyar Zaki har gobe duk wadda ta tsaya ita suke shiga.